Mutum Biyar a Gidan Liviu

Masu turo mini saƙo cewa na cika zargi, ku matso kusa. Zan ba ku labarin abin da ya faru ranar Alhamis da Juma'a, sai ku yanke hukunci da kanku.

Waɗanda yau suka fara shigowa kuma, sunana Sabina, shekarata ashirin da tara, ina koyar da lissafi a makarantar da ke bayan tashar motar garinmu. Ni da Mama muke zaune a hawa na uku tun rasuwar mahaifina. Mutumin da ake ta magana a kansa sunansa Liviu, ma'aikacin awon filaye ne, ɗan ƙauyen Lunca, shekararsa talatin da huɗu. Tanti Veta, yayar Mama, ita ta haɗa mu wata huɗu da suka wuce, kuma ranar Lahadi iyayensa za su zo gidanmu neman aurena.

Kar wani ya ɗauka dole aka yi mini. Ina son sa. Mutum ne mai sanyin magana, idan yana saurarenki sai ya kife wayarsa a kan tebur. Sai dai Mama ta fi ni gaggawa. Tun da na wuce ashirin da bakwai take lissafa mini shekaruna duk safiya kamar ni ban iya ƙirga ba. Labule ma ta canza saboda Lahadin nan, ta fito da farantan da ba mu taɓa ci a cikinsu ba.

Abu ɗaya ne ya daɗe yana yi mini ƙaiƙayi a zuciya: ban taɓa taka gidansu ba. Lunca tafiyar minti arba'in ce a bas. Duk lokacin da na ce zan zo in gaida iyayensa sai ya ce ana gyaran rufi, gidan ba ya shiguwa. Wata huɗu ana gyaran rufi ɗaya. Da na yi wa Tanti Veta zancen sai ta ce, "Me za ki gani a can? Tsoho da tsohuwa da ɗansu ɗaya, su uku rak. Gidan shiru kamar coci ranar Litinin."

Su uku. Ku riƙe wannan.

Ranar Alhamis ina koya wa 'yan aji shida wani darasi da kullum yake ba su wahala. Maimakon in ba su lambobi su nemo matsakaici, sai in juya abin: in ba su matsakaicin, da lambar da ke tsakiya idan an jera su, da lambar da ta fi maimaituwa, da tazarar da ke tsakanin babba da ƙarama, su kuma su nemo mini lambobin. Rabin ajin suka zuba mini ido kamar na yi musu yaren waje. Da aka fita hutu na zauna a ɗakin malamai da kofin shayina, na rubuta wa Liviu saƙo:

"Yaran nan za su sa in yi furfura kafin Lahadi."

"Me suka yi wa malama?"

Na bayyana masa darasin. Ya ga saƙon. Alamar yana rubutu ta bayyana, ta ɓace, ta sake bayyana. Har na shanye shayin kafin amsarsa ta shigo.

"Bari in gwada malamar ita ma. Shekarun mutanen gidanmu. Mu biyar ne. Matsakaici 42. Na tsakiya 34. Wadda ta fi maimaituwa 34. Tazara 67."

Da farko dariya na yi, har na tura masa fuskar dariya. Sai da na ɗauki biro idona ya koma kan layin farko. Mu biyar ne.

"Biyar? Da kyanwa da kare ka haɗa?"

"Kare ba ya kai shekara talatin da huɗu. Ki yi aikinki, malama."

Na kira shi. Bai ɗauka ba. Na sake kira, wayar a kashe.

Ku da kuka san ni kun san ba na iya barin tambaya a buɗe. Na juya bayan takardar jarrabawar wata yarinya na fara. Mutum biyar, matsakaici arba'in da biyu, jimillar shekarunsu ɗari biyu da goma ke nan. Talatin da huɗu ta maimaitu, wato mutum biyu ne masu wannan shekarun. Ɗaya shi ne. Ɗayan fa?

Abin da nake faɗa wa ɗalibaina kullum shi ne, irin wannan tambayar ba amsa ɗaya gare ta ba. Sai na shiga neman amsar da za ta kwantar mini da hankali. Na rubuta 21, 33, 34, 34, 88. Ta yi daidai: kaka mai shekara tamanin da takwas da tarin jikoki. To ina iyayensa a ciki? Na rubuta 10, 34, 34, 55, 77. Ita ma ta yi daidai. Na yi ta jerawa har takardar ta cika, kowace ta cika sharaɗi, kuma babu wadda ta ba ni gidan tsoho da tsohuwa da ɗansu ɗaya. Lamba ɗaya tak nake buƙata ta gaskiya, sauran za su fito da kansu.

Da na koma gida na tarar da Mama da Tanti Veta a kicin suna naɗe nama da shinkafa a ganyen kabeji, abincin Lahadi. Tagogi duk sun yi gumi, warin kabeji mai tsami ya cika gidan. Tanti ta ɗaure kanta da ɗankwalinta mai furanni, zobbanta a cikin kofi don kar su ɓaci. Na cire rigar sanyi, na wanke hannu, na zauna ina taya su kamar 'yar kirki.

"Tanti, baban Liviu zai iya hawo mana benen nan kuwa? Hawa uku ne fa. Na ji an ce ya tsufa."

"Grigore? Wane tsufa? Sa'an marigayi mijina ne, tare suka yi aikin soja. Saba'in da biyu ya cika a watan Mayu. Har yanzu shi yake faskare da kansa."

Saba'in da biyu. Na ci gaba da naɗe ganyen, kaina yana aiki. Idan akwai wanda ya girme shi a gidan, jimillar za ta wuce ɗari biyu da goma, don haka shi ne babba. A cire sittin da bakwai daga saba'in da biyu.

Biyar.

Akwai mai shekara biyar a gidan Liviu.

Ganyen da ke hannuna ya yage. Na ɗauki wani. Biyar, talatin da huɗu sau biyu, saba'in da biyu. Abin da ya rage sittin da biyar.

"Mamarsa kuma sittin da biyar ke nan," na faɗa kamar ba komai.

Tanti ta ɗago. "Wa ya faɗa miki? Florica ko a gaban likita ba ta faɗin shekarunta."

"Na dace ne?"

"Kin dace. Shekara bakwai ya ba ta."

Da ma addu'ata ita ce ta ce na yi kuskure.

"Su nawa ma kika ce suna gidan, Tanti?"

Ta dubi Mama. Mama ba ta dube ta ba, sai ta miƙe ta buɗe famfo tana wanke wuƙar da ba ta yi datti ba.

"Ke wai 'yar sanda ce?" in ji Mama, tana juya mini baya. "Mutum ya zo da mutuncinsa, ke kuma kin tsaya ƙirga kawuna. Haka kika yi wa ɗan kantin maganin nan har ya gudu."

"Bai gudu ba, Mama, ni na kore shi."

"To wannan ba za ki kore shi ba. Miƙo mini tukunyar can."

Tanti ta canza zance zuwa rigar da zan saka, wai shuɗiyar ta fi fito da ni, koren tana sa ni kama da mara lafiya. Na ce to. Na ce to ga komai. Amma a raina hoton ya riga ya haɗu: mace mai shekara talatin da huɗu, sa'arsa, wataƙila tun makaranta suke tare, da yaro ko yarinya mai shekara biyar. Rufin da ake gyarawa ke nan.

Abin da na kasa fahimta shi ne dalilin da zai sa mai ɓoye abu ya turo mini shi da hannunsa. Raini ne? Yana ganin ba zan iya warwarewa ba? Ko so yake in janye da kaina ya huta?

Ranar Juma'a darasina na ƙarshe ya ƙare ƙarfe sha biyu. Ban koma gida ba. Na rubuta wa Mama cewa akwai taron malamai, na tsallaka tasha na hau bas ɗin Lunca da takalmin aikina mai tsini da jakar da ke cike da littattafan yara. Duk hanya ina shirya maganar da zan faɗa wa matar. Wani lokaci in ji ina tausayinta, wani lokaci in ji ina son ganin ko ta fi ni kyau. Kar ku yi mini dariya, ku ma da haka za ku yi.

Wata tsohuwa mai sayar da tuffa a bakin titi ta nuna mini gidan. "Na Grigore? Mai shuɗiyar ƙofa, bayan rijiya." Ta bi ni da kallo tun daga gashi har takalmi, ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, sai ta fasa.

Rufin na fara dubawa. Jan rufi ne lafiyayye, har gansakuka ta fito a gefensa. Ba a taɓa shi ba shekara da shekaru.

Sai igiyar shanya. Na tsaya a jikin shinge ina neman kayan mace mai ƙuruciya. Babu. Zannuwan gado ne farare har guda shida, da tawul, da wasu 'yan safuna masu ruwan hoda. A bakin ƙofar shiga kuma, inda ya kamata a ga matakala, an shimfiɗa katako mai gangara.

Yarinyar tana tsugune a gindin bishiyar goron Turawa mai taurin ɓawo tana jera 'ya'yan a layi. Gashinta an ɗaure shi gida biyu, ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ɗaurin da ka gani ka san namiji ne ya yi. Ta ɗago ta gan ni. Idanun Liviu ne sak, har da ɗan ramin haɓar.

Ta juya ta ƙwala kira. "Tata, ga wata mata."

Tata. Haka mu ma muke kiran uba, haka na kira nawa har ya bar duniya. Na riƙe shingen da kyau.

Liviu ya fito da kwanon wanka a hannu, hannun rigarsa a naɗe, tawul a kafaɗa. Ya gan ni. Bai firgita ba, kuma wannan ya fi ba ni haushi. Ya zubar da ruwan a gindin fure, ya ajiye kwanon.

"Na ɗauka sai gobe za ki zo," ya ce.

"Rufin ya yi kyau."

"Sabina."

"Biyar, talatin da huɗu, talatin da huɗu, sittin da biyar, saba'in da biyu. Na ci?"

"Kin ci."

"Ga mai biyar na gani. Ina matar?"

"Wace mata?"

"Kar ka mai da ni yarinya, Liviu. Ɗaya mai talatin da huɗun."

Ya buɗe mini ƙofar shingen. "Shigo ki gani. Iyayena suna gona ɗiban tuffa. Ilinca, ki zauna a nan, kar ki fita titi."

Na bi shi ta kan katakon nan, tsinin takalmina yana maƙalewa. Gidan yana warin sabulu da man zafi. Ya tura ƙofar ɗakin da ke kallon lambu.

Gado ne irin na asibiti a jikin taga. A kansa akwai Liviu. Haka idona ya faɗa mini kafin hankalina ya dawo: fuskar ɗaya, goshin ɗaya, sai dai wannan ya rame, fatarsa ta yi fari irin ta wanda ya daɗe bai shiga rana ba. An tokare shi da matasan kai uku. Keken guragu yana naɗe a bayan ƙofa.

"Sorin ke nan," in ji Liviu. "Tagwaye ne mu. Ya girme ni da minti ashirin."

"Ashirin da biyar," in ji na kan gadon. Muryar ma ɗaya. Ya yi mini murmushi. "Ke ce malamar. Ki yafe ban tashi ba. Ni na haɗa tambayar, shi wannan ba ya iya komai sai da na'urar awo. Na so in saka tazarar kawai da matsakaici, ya ce a'a, a ba ki abin da zai isa."

Duk maganar da na shirya a bas ta tsere. Na samu kujera na zauna, jakar littattafan a cinyata.

Liviu ya jingina da bango ya faɗa mini a taƙaice, idonsa a ƙasa. Shekara uku da suka wuce Sorin yana aikin yankan katako a daji, bishiya ta faɗo masa a baya. Daga ƙugu zuwa ƙasa babu abin da yake ji. Matarsa ta yi wata takwas tana jinya, sai ta ce za ta je ƙasar Sifen tsinkar 'ya'yan itace na kaka ɗaya. Shekarar farko tana kira. Yanzu lambar ma ba ta shiga. Tsofaffin ba sa iya ɗaga shi, don haka wanka da juyi da komai Liviu ne, safe da yamma.

"Yarinyar fa? Na ji abin da ta kira ka."

"'Yar Sorin ce. Tana da shekara biyu abin ya faru, fuskarmu ɗaya, sai ta taso tana kiran mu duka Tata."

Lokacin da ya faɗi haka na kalli Sorin. Murmushin nan ya tafi. Ya juya kansa wajen taga yana kallon lambu, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Na lura, amma a lokacin na ɗauka ciwon zancen matarsa ne.

Muka fito tsakar gida. Ilinca ta zo ta ɗora mini goro uku a tafin hannu, ta koma wajen layinta.

"Wata huɗu, Liviu. Me ya hana ka buɗe baki?"

"Na yi alkawari."

"Wa ka yi wa?"

Ya shafa ƙeyarsa. "Tun zuwana na biyu gidanku na so in faɗa miki. Kina ɗaki kina shiri, na fara yi wa mamarki zancen. Ashe ta sani, Tanti Veta ta faɗa mata tun farko. Ta kama hannuna ta kai ni gaban hoton Uwar Yesu da ke falonku, ta sa na rantse ba zan faɗa miki da bakina ba sai bayan an sa rana. Ta ce ta san 'yarta, idan kika ji yanzu za ki tafi, idan an riga an yi magana kuwa kunya za ta riƙe ki."

Kunya za ta riƙe ni. Maganar Mama ce wannan, ko rantsuwa ba sai ya yi ba.

"Kwana uku ya rage, na kasa barci," ya ce. "Sorin ya ce ai lamba ba baki ba ce."

"To faɗa mini da bakinka yanzu. Mata kake nema ko mai jinya?"

Na so ya yi saurin musawa. Bai yi ba. Ya dubi zannuwan da ke kan igiya.

"Gidan nan yana buƙatar duka biyun, ba zan yi miki ƙarya ba. Ni ɗaya nake roƙo. Amma duk wadda ta shigo, zannuwan nan za ta gani kowace safiya. Idan kin ce a fasa Lahadi, ni zan kira mamarki in ce laifina ne."

Na nufi ƙofar shingen. Ya ce zai mai da ni a mota, na ce bas ya ishe ni. A hanya na buɗe hannuna na ga har yanzu goron nan uku suna ciki, sun yi mini shaida a tafi. Zuciyata ta kasu. Rabi tana jin haushinsa, rabi tana tuna yadda ya gyara wa ɗan'uwansa matashin kai kafin mu fito, ba tare da ya san ina kallo ba. Duk wadda ta ce ta san abin da za ta yi a matsayina, ban yarda da ita ba.

Rana ba ta faɗi ba na isa gida. Mama tana falo ta kafa teburin guga, shuɗiyar rigata a shimfiɗe, rediyo yana yi ƙasa-ƙasa.

"Taron ya daɗe," ta ce.

"Daga Lunca nake."

Dutsen gugar bai tsaya ba. Ya je ƙarshen hannun rigar ya dawo.

"Takalminki ya nuna."

"Kin sa shi ya rantse, Mama."

"Na sa shi. Gobe ma zan sake." Ta juya rigar. "Shekara huɗu na yi ina juya ubanki a gado, ban mutu ba. Mutumin da ya riƙe ɗan'uwansa haka ba zai yar da ke ba ranar da kika kwanta. Irinsa ba sa zuwa sau biyu. Ke kuwa da an faɗa miki, da kin ɗauko biro kin lissafa wahalar kin ce ba ki iyawa."

"Ai ni ya kamata in lissafa. Rayuwata ce. Mara lafiya, tsofaffi biyu, ga rainon 'yar ɗan'uwansa, duk ku ɓoye mini ku ce su uku ne?"

Sai a nan hannunta ya tsaya.

"'Yar wa?"

"Ilinca. 'Yar Sorin."

Mama ta ɗago ta kalle ni, karon farko tun shigowata. Ta miƙa hannu ta kashe rediyon. Dutsen gugar yana zaune a ƙirjin rigar, wani siririn hayaƙi ya fara tashi, warin ƙuna ya cika falon, amma ko kallonsa ba ta yi ba.

"Haka ya ce miki?" ta tambaya a hankali. "'Yar Sorin?"